Mayar da batirin Datsun 240Z baya: me za ka samu, me zai iya cin ka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi Datsun 240Z ƙirar 1972, ina gyara ta a hankali. Da muka ɗaga batir sai muka tarar tsatsa ta cinye mazauninsa har ana hango ƙasa. Wani abokina ya ce kada in wahalar da kaina, in mayar da batirin but kawai, wai ma motar za ta fi zama a kwana. Shin gaskiya ne? Kuma wace irin waya zan saya?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya alheri, ka samu mota ta kirki. Amma bari in fara da abin da abokin naka bai lura da shi ba: 240Z ba ta da but. Ƙofar baya ce mai gilashi ake ɗagawa, kuma daga inda ake ajiye kaya har zuwa sitiyari ɗaki ɗaya ne, babu bangon ƙarfe a tsakani. Ke nan duk abin da ka ajiye a bayan nan, tare kuke zaune, iska ɗaya kuke shaƙa, kuma in aka yi karo, bayan kanka yake. Duk sauran bayanin da zan yi a kan wannan ya rataya.

Maganar zama a kwana tana da asali, ba ƙirƙirarta aka yi ba. Carroll Shelby, Ba'amurke mai ƙera motocin tsere, ya sa batir a but a motocin Mustang GT350 na farko-farko a 1965 domin ya rage nauyin gaba. Ford ta yi haka a Mustang Boss 429 ta 1969, saboda injin ya cika wurin har babu sararin batir. MGB ta Ingila ta fito a 1962 da ƙananan batura biyu masu volt 6 a bayan kujeru. Mazda MX-5 ta 1989 a but nata yake, haka BMW da yawa. Sai dai abin da ba a cika faɗa ba shi ne, Shelby bai ƙare shekarar ba sai da ya mayar da batirin gaba, domin masu motocin sun yi ta ƙorafin warin asid da tsatsa a but. To wannan fa Mustang ce mai but na gaske.

Mu yi lissafin motarka. Nauyinta kilo 1,050 ne ko kusa da haka, tsakanin tayar gaba da ta baya kuma mita 2.3. Batirin da ya dace da ita bai wuce kilo 18 ba. A Mustang batir yana can gaba kusa da lagireto, shi ya sa ɗauke shi ke yin tasiri. A 240Z kuwa Nissan, mai ƙera Datsun, ta riga ta ajiye shi a bayan tayar gaba, jikin bangon da ya raba inji da cikin mota, ta hannun dama. In ka mayar da shi saitin tayar baya, abin da ka sauke wa gaba bai fi kilo 13 ba, wato kashi 1 da ɗoriya cikin 100 na nauyin motar. Tankin manka yana cin lita 60, kuma in ya cika ya haura kilo 40, duk a baya. Bambancin da ke tsakanin ranar da ka sha ful tanki da ranar da kake lallaɓawa da kwata ya ninka na batirin. Ka taɓa jin motar ta sauya hali a kwana saboda mai ya ragu? In ba ka taɓa ji ba, na batir ma ba za ka ji ba. Mai tsere a fili, wanda ke neman rabin daƙiƙa, shi kwalliya za ta biya masa kuɗin sabulu. Kai da za ka fito da ita ran Juma'a da yamma, a'a.

Dalilan da nake karɓa guda biyu ne. Na farko zafi. Batirin dalma ba ya shiri da zafi, kuma ƙa'idar da masu sana'ar ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu. A garuruwanmu, inda watan Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin bonet tanda ce. Batirin da ke baya zai fi daɗewa, wannan ba gardama. Na biyu, in za ka sauya inji ko ka ƙara wani abu da ke buƙatar wurin. Tsatsa kuwa ba dalili ba ce. Ko ka mayar da batirin kan rufi, ramin nan yana nan, kuma a 240Z asid ɗin da ya cinye mazaunin batir ba ya tsayawa a nan. Yana gangarawa ya ci bangon inji, ya ci ƙarfen shasi da ke ƙasa, ya shiga inda fasinja ke ajiye ƙafa. Wannan wuri ne mai ɗaukar nauyi. Dole fanel bita ya yanke ruɓaɓɓen ya sa sabon ƙarfe, bayan an wanke wurin da ruwan bekin soda, ko na kanwa in ita ce a kusa, an ɗauraye sosai an busar. Da motata ce, da na gyara mazaunin, na sa batirin AGM wanda ba ya zubar da ruwa, na bar shi inda Nissan ta sa shi. Akwai kuma maganar daraja: a 2020 an sayar da wata 240Z ta 1971 da ba a taɓa komai a jikinta ba a kan dala 310,000 a Amurka. Taka ba lallai ta kai nan ba, amma masu sayen irin waɗannan motoci kowane rami da aka huda suna rage masa kuɗi.

In duk da haka ka ce sai baya, to ga yadda ake yi ba a ƙona mota ba.

Ka tambayi waya, mu fara da ita. Kik ɗin injin motarka, L24 mai silinda shida, yana jan amfiya 150 zuwa 200 yayin da yake juya inji, a daƙiƙar farko ma ya fi haka. Kebul ɗin asali gajere ne, bai kai mita ɗaya ba, domin kik ɗin yana ɓangaren dama, ƙasan batirin kaɗan. Yanzu za ka ja wajen mita 4. Jan ƙarfe yana da turjiyar ohm 0.0175 a kowace mita mai kaurin milimita murabba'i ɗaya, saboda haka a amfiya 200, kebul mai lamba 16, wato mai kaurin milimita murabba'i 16, zai cinye volt 0.9 a hanya, mai 25 zai ci 0.56, mai 35 zai ci 0.4, mai 50 kuma 0.28. Abin da ake so kada asarar ta wuce rabin volt. Ke nan 35 shi ne mafi ƙaranci, 50 kuma shi ne kwanciyar hankali. In da lambar Amurka aka rubuta, 2 AWG ya kusa 35, 1/0 kuma ya ɗan fi 50. Volt ɗaya kamar ba komai ba ne, amma lokacin kik batirin kansa yana sauka zuwa 10 da wani abu. Ka cire ɗaya a hanyar zuwa, ka cire wani a hanyar dawowa, sai ka ji motar tana gurnani kamar batir ya mutu, musamman in inji ya yi zafi ka kashe a gidan mai. Mutum ya sayi sabon batir, ya sauya kik, ciwon na nan.

A kasuwa kuma ka buɗe ido. Ko Panteka ka shiga a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, za a nuna maka kebul ja mai kauri mai sheƙi, irin wanda masu haɗa sifika ke sa wa mota, da araha. Yawancinsa alminiyam ne aka yi wa rigar jan ƙarfe, kuma alminiyam kashi 60 da 'yan kai cikin 100 na wutar jan ƙarfe yake iya ɗauka. Wani kuma roba ce ta yi kauri, cikin ba komai. Ka sa a yanka maka baki, ka kankare silin da wuƙa: in fari ya bayyana, ajiye musu kayansu. Ka kuma ɗaga ka ji, mita ɗaya ta 35 na gaske ta haura giram 300 tun ba a lissafa roba ba. Ni kebul ɗin masu walda nake saye, mai sili ƙanana, yana lanƙwasuwa ba gardama. Aibinsa ɗaya, robar wasu ba ta jure mai, don haka inda ya shiga ɗakin inji sai a zura shi cikin tiyo. Kawunansa kuma a matse su da injin matsi na gaske. Abin da aka saba, a sa kan a bisa dutse a doke shi da guduma, ko a cika shi da dalma. Na guduma yana sakin jiki daga baya, na dalma kuma yana sandarar da silin, girgiza ta karya shi daidai inda dalmar ta tsaya.

Yanzu abin da ya fi komai. Kebul mai kaurin yatsa, mita 4, ɗaure da fozitif ɗin batir ba fis, sandar walda ce kwance a ƙarƙashin kafet ɗinka. Ranar da bakin ƙarfe ya yanke robarsa, batirin zai tura ɗaruruwan amfiya a nan take, kuma kashe makulli ba ya tsayar da shi. Hanya biyu ake bi. Mai sauƙi ita ce babban fis, irin MEGA ko ANL, mai amfiya 250 ga kebul 35, a ɗaura shi jikin batirin, kada tazarar ta wuce santimita 20 zuwa 30. Irin wannan fis ba ya saurin tsinkewa, yana jure fizgar farko ta kik, amma in waya ta haɗe da jiki zai yanke. A tuna, kebul yake karewa, shi ya sa ake auna shi da kaurin kebul, kuma fis ɗin da aka sa a gaba kusa da kik bai kare komai ba, domin duk tsawon wayar yana bayansa. Hanya ta biyu, wadda na fi so, ita ce a sa solonoyid, wato makunnin da makulli ke sarrafawa, irin na tsofaffin Ford a gefen batir. Babban kebul ɗin ba ya ɗauke da wuta sai a daƙiƙun da kake murza makulli. Sai a ja wata waya daban mai lamba 16, da fis nata mai amfiya 80, ta ɗauki caji da wutar sauran mota. Aikin ya fi yawa, domin a 240Z wutar mota gaba ɗaya daga kan kik take tashi, ta bi ta wata 'yar waya mai aikin fis, ta wuce agogon amfiya da ke dashbod. Dole a ɗauke wannan layin daga kan kik a mayar da shi kan sabuwar wayar. In riwayanka bai gane wannan bayanin ba da ka karanta masa, ku tsaya a kan fis. Kamfanoni ma ba su yi wasa da wurin nan ba: BMW har wani ɗan abin fashewa take sa wa a kan batirin but, wanda ke tsinke kebul ɗin kik in aka yi karo.

Hanyar da kebul zai bi, ni ta ciki nake bi da shi, gefen dama, ƙarƙashin kafet jikin dokin ƙofa. Motar nan gajeriya ce, hanyoyinmu kuma ka san su, tudun rage gudu ɗaya ya isa ya murje abin da ke ƙasa. Salansa tana hagu, dama ta fi sanyi. Kada a ɗaure shi jikin bututun mai ko na birki, kada ya kusanci layin da kujera ke zamewa a kai, a kama shi da maɗauri mai roba duk bayan santimita 30. Duk inda ya ratsa ƙarfe sai an sa zoben roba. Salatif ba zobe ba ne.

Sai at, wato hanyar dawowar wuta, inda aka fi yin kuskure. An taɓa kawo mini wata tsohuwar mota da aka mayar wa batir baya a wani gareji. Mai ita ya ce kik na nauyi, kuma duk sanda ya tayar yana jin ƙauri. Na ce ya murza ina kallo. Wayar cok ce na ga tana hayaƙi, robarta tana narkewa tana ɗiga a kan inji kamar kyandir. Abin da ya faru, kebul ɗin negatif na asali jikin inji yake zuwa kai tsaye. Da suka cire shi, sai suka ɗaure sabon a jikin bodi a baya, suka manta inji a kan roba yake zaune. Wutar kik ta rasa hanyar komawa, ta bi ta siririyar wayar cok. Taka ma cok ɗin hannu gare ta, da wayoyi biyu zuwa kafireto, saura ƙiris irin wannan ya same ka in ba a kula ba. Saboda haka at biyu za a yi, kowanne da kaurin babban kebul: ɗaya daga batir zuwa ƙarfe mai kauri a baya, ɗaya daga notin kik ko na giyabos zuwa shasi a gaba. A kankare fenti har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam, a shafe da giris. Kuma tunda motarka ta haura shekara 50 kuma ka riga ka ga tsatsa, ban yarda da bodin ba. Falle-falle ne aka haɗa da ɗigon walda, tsatsa na shiga tsakaninsu. Ka ƙara kuɗi ka ja negatif na biyu daga batir har jikin inji. Nauyin kilo ɗaya da rabi ne, ya raba ka da ciwon kai.

Mu dawo kan zama ɗaki ɗaya. Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin in yana caji, kuma in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Ga tururin asid da ke cin ƙarfe da kafet. Motarka tana da tsohuwar regileta ta waje, mai aiki da maɓallan ƙarfe, irin wadda in ta tsufa takan bar caji ya haura volt 15, batir ya riƙa tafasa. Don haka batirin ruwa mai murafu shida ba shi da wuri a cikin 240Z. AGM za ka sa, kuma shi ma kada a ce maka ba ya numfashi, yana da bawul da ke buɗewa in caji ya yi yawa. A sa shi cikin akwati mai murfi da ke rufewa ruf, a ja siririn tiyo daga akwatin ya fita ta ƙasan mota, nesa da salansa. A toshe gefen ramin da kyau, domin 240Z ta yi suna wajen zuƙo hayaƙin salansa ta kowace kafa da ke bayanta. MX-5 da na ambata da irin wannan tiyo ta fito daga kamfani. Wanda ya san Volkswagen Beetle kuma ya san ɗaya haɗarin: batirinta na ƙarƙashin kujerar baya, in murfin kansa ya ɓata, mai jiki ya zauna, sifirin ɗin kujera ya taɓa kawunan, sai hayaƙi. A rufe kan fozitif da roba ko da yana cikin akwati, saboda ranar da sifana za ta faɗa.

Ɗauri kuma ba na igiyar roba ba ne. Mota mai gudun kilomita 50 a awa in ta daki abu ta tsaya cikin rabin mita, komai na cikinta nauyinsa ya ninka sau 20. Batirinka mai kilo 18 ya zama kilo 360, yana neman hanyar gaba, kai kuma kana hanyar. Hukumar tseren NHRA ta Amurka tana wajabta noti mai kaurin inci 3/8 ga batirin da aka sauya wa wuri, wato kusan milimita 10, tare da makashin wuta a bayan mota. Ka ɗauki wannan ma'aunin: noti biyu masu kaurin milimita 10, su ratsa daɓen motar, da faffadan ƙarfe a ƙasa don kada su yage falle, da sandar ƙarfe a kan batirin kansa. Akwatin roba ba ya riƙe komai. Wurin da ya fi dacewa da batirin shi ne bayan kujerar fasinja, gaban tayar baya ko saitinta. Can ƙarshen wutsiya shi ne wurin da ke fara lotsewa in aka buge ka ta baya. Kafin a huda, a leƙa ƙasa da tocila, tankin mai da bututun birki suna nan kusa. In ka sa makashin wuta, ka sani ba ya kashe injin da ke aiki, altaneta za ta ci gaba da ba shi wuta, kuma yanke batir inji na gudu yana iya ƙona ta. Makashin na lokacin ajiye mota ne, a kashe inji tukuna.

In an gama, kada ka karɓi mota da "ga shi ta tashi". A kawo mitar awon wuta. A cire wayar kwayil don kada inji ya kama. A sa baki ɗaya a kan fozitif ɗin batir, ɗayan a ƙara masa waya ya kai kan notin kik, a murza: kada ya wuce volt 0.5. A sake, daga negatif ɗin batir zuwa jikin kik: kada ya wuce 0.3. Batirin kansa kada ya sauka ƙasa da 9.6 yana juyawa. Sai a mayar da wayar, a tayar, a ɗan ba ta wuta, a auna a kan batirin can baya: 13.8 zuwa 14.5 ake nema. In ya gaza, akwai inda ake asara a hanyar caji. In ya haura, regileta ce, a sauya ta kafin ta dafa maka sabon AGM. Bayan an yi kik sau uku a jere, ka bi kowane haɗi da hannu, wanda ka ji ya yi ɗumi shi ne bai ɗauru ba.

Tsohon kebul da maɗaurin batir ka zuba su a kwali ka ajiye, kuma ka sa fanel bita ya mayar da mazaunin yadda yake ko da ba za a ɗora komai a kai ba. Kafin ka sayi ko mita ɗaya ta waya, ɗaga kafet ɗin gaban fasinja, ka soka sukudireba a kusurwar da ke ƙasan batirin, ka kuma soka a ƙarfen shasi ta ƙasa. In ta shige, turo mini hoton wurin, domin daga nan aikin zai fara.